Itacen Da Ya Karkace Ba Itacen Wuta Ba Ne

'Yan'uwa manoma, babu wanda bai san karin maganar nan ba da ke cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kullum muna jin ta a bakin iyaye da malamai in ana zancen horon yara. Abin mamaki shi ne ba mu cika jin an faɗe ta a kan iccen kansa ba. Sai ka ga mutum ya yi wa ɗansa faɗa da ita da safe, da maraice ya bi ta gindin mangwaronsa wanda iska ta kwantar tun shekaranjiya, ko sunkuyawa bai yi ba balle ya duba.

Duk wanda ya zaga ƙasar Gumel bayan hadarin farko na damina zai ga abin da mu ke nufi. Daga cikin garin Gumel har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, a tsakar gida da garka da bakin rijiya, ga ƙananan mangwaro da gwaiba da lemo nan sun karkace, galibinsu sun sunkuyar da kai wajen yamma. Ɗayan abu uku ya kan same su. Wani a ƙyale shi haka nan, a ce ai zai miƙe don kansa. Wani a sa masa gatari, in ya bushe ya shiga murhu. Wani kuma maigida ya ji tausayinsa, ya kafa sanda a jikinsa, ya ɗaure shi tamau da waya. Mu a ganinmu duka ukun kuskure ne. Na ukun ma ya fi ba mu takaici, gama mai shi da niyyar alheri ya yi, ga shi kuwa mu ma mun taɓa faɗawa ciki.

Akwai masu cewa, "Mene ne abin damuwa? Dashe ba ya tsada, wani lokaci ma kyauta a ke rabawa. A sare a dasa wani." To, bari mu yi lissafi. Gaskiya ne dashe ba ya tsada, amma kuɗin itace a ƙasarmu ruwa ne da shekaru. Daminarmu da ƙyar ta ke cika wata 4, sauran wata 8 ɗin da guga a ke rayar da itace. Mangwaro mai aure ya kan yi shekara 3 ko 4 kafin ya fara ba da 'ya'ya na kirki, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye. A ce bokiti ɗaya a ke zuba masa kowace rana. Wata 8 kwana 240 ke nan, a shekara 3 bokiti 720. Zurfin rijiyoyinmu kuwa kowa ya san shi. Wa ya ɗauko ruwan nan? Yawanci ba maigidan da ya ɗauko gatari ba ne. Uwargida ce ta riƙa tara ruwan wankin hatsi tana zubawa, yara ne suka riƙa jido da safe kafin su tafi makaranta. Ya kamata a ji ta bakinsu kafin a sara.

Dashe dai mun iya shi. Bayan farin 1973 da na 1984 an ƙara himma ƙwarai wajen dasa layukan darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano domin tare iska, tun kafin a yanke Jigawa a 1991. Daga baya ga shirin ganuwar itatuwa daga Senigal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da ya shafa. Kowace damina muna jin yawan itatuwan da aka dasa. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne, nawa ne ke tsaye bayan shekara uku? Wannan ba laifin hukuma kaɗai ba ne, har cikin gidajenmu haka mu ke yi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wani abu. Wanda ya ƙetare iyaka ta Maigatari ya nufi Dungas ko Magarya zai ga gonaki cike da gawo. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, toho ne da manoma suka daina sassabewa, suka riƙa gyara masa rassa har ya zama itace. A wajen Maraɗi ma, tun daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa wannan dabara da a ke kira sassaben zamani. Tushen dabarar ɗaya ne, watau saiwar da ta riga ta kama ƙasa ta fi sabon dashe daraja nesa ba kusa ba. Itacen da ya karkace a gidanka kuwa, in ba a yi sakaci ba, yawancin saiwarsa tana nan da rai.

Me ke karkatar da shi tun farko? Kowa zai ce iska. Haka ne. Hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas na ɗakin ƙasa ya fi saurin zaizayewa, shi ya sa kuma itatuwan su ke kallon yamma. Ƙasarmu jigawa ce, da ta sha ruwan farko sai ta saki, ba ta riƙe gindi kamar laka. Amma iskar nan ɗaya ce ta bi ta kan unguwa duka. Me ya sa naka ya kwanta, na maƙwabcinka yana tsaye?

Sau da yawa amsar tana cikin leda. Dashen da ya daɗe a wurin reno, saiwarsa ta kai gindin leda ta rasa hanya, sai ta yi ta kewaya har ta naɗe kamar gammo. Mu kuma in mun je saye, wanda ya fi tsawo mu ke zaɓa, alhali shi ne ya fi daɗewa a ɗaure. Wani ma da ledar ya ke binnewa, ko ya ɗan yage gindinta kawai. Irin wannan itace zai yi ganye, zai yi kyan gani, amma a zaune ya ke bisa ƙasa kamar turmi, ba abin da ya riƙe shi. Don haka ranar dashe a cire ledar duka, a yanke gindin ƙasar kamar kaurin yatsa da wuƙa mai kaifi, saiwar da ta naɗe a warware ta ko a datse. A kuma zaɓi matsakaicin dashe mai kaurin gindi, a bar dogon nan mai kama da tsinke.

Ban ruwa ma yana da nasa laifi. Ruwa kaɗan kullum a daidai gindi, sama-sama kawai ya ke jiƙawa, saiwa kuwa inda laima ta ke nan ta ke zama. Gara a yi masa kwari mai faɗi daidai inuwar rassansa, a tara ruwan kwana uku a zuba gaba ɗaya, ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Sai kuma itacen da aka dasa a bakin rariyar makewayi, gefe ɗaya kullum a jiƙe, ɗayan a bushe. Ga wanda aka matse a jikin katanga ko a ƙarƙashin babbar darbejiya, dole ya miƙa wuya neman rana. Ga kuma wanda aka mayar turken rago, ko aka ɗaura wa igiyar shanya tun bai yi ƙwari ba. Wannan na ƙarshe ba sai mun yi dogon bayani ba, a kwance kawai.

Saboda haka kafin ka taɓa kome, tsaya ka duba. Kama jikin itacen ka girgiza shi a hankali, idonka a ƙasa. In ƙasar gindin tana motsi, ko ta tsage ta ɗago a gefen gabas, to, saiwa ce ta saki, aikin na gaggawa ne. In gindi yana nan daram, sama ce kawai ta tanƙware, wannan neman haske ne ko nauyin rassa a gefe ɗaya, maganinsa kuwa yankan reshe ne, ko rage wa darbejiyar da ta rufe shi. Ka kuma dubi kaurinsa. Wanda bai wuce ƙotar fartanya ba, mutum ɗaya da yaro sun ishe shi. Mai kaurin taɓarya sai an kira maƙwabta biyu ko uku. Wanda ya kai cinyar babban mutum, za mu zo kansa.

Itacen da hadari ya kwantar da dare, da safe a ke fara taimakonsa, ko da ba za a ɗaga shi a lokacin ba. Saiwar da ta fito fili, rana ɗaya ta ƙasarmu ta isa ta kashe ta. A rufe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Mun sani lokacin shuka ne, kowa hankalinsa yana gona, ba kuwa za mu ce mutum ya bar ruwan shuka ya wuce shi saboda gwaiba ɗaya ba. Amma rufe saiwa bai kai minti biyar ba, ɗagawar kuma da la'asar ta fi kyau, in an dawo daga gona rana ta yi sanyi. Kada dai a wuce kwana biyu. In kuwa cikin rani ne za a yi gyaran, a kwana ana jiƙa ƙasar sosai tukuna. Wanda ya ja itace a busasshiyar ƙasa zai ji ƙas, ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa, saiwoyi ke nan su ke tsinkewa.

A gefen da saiwa ta ɗago, ƙasa ta riga ta zube cikin gurbinta. In ba a kwashe ta ba, itacen ba shi da wurin komawa. A yashe gurbin da hannu ko da ƙaramar fartanya, a hankali. Saiwar da ta karye a datse ta sumul da wuƙa, gama yanka mai kyau ya fi saurin warkewa da wanda ya tsattsage. Sa'an nan a tura itacen daga ƙasa-ƙasa, da tafin hannu da kafaɗa, kaɗan kaɗan. Kada a kama ƙoli a finciko. Mangwaro ko lemo mai aure a yi hattara da shi ƙwarai, domin mahaɗar auren nan ita ce wuri mafi rauni a jikinsa. In ta ɓalle, abin da zai toho daga ƙasa uwar da aka ɗora shi a kai ce, watau ka koma ga mangwaro mai zare bayan ka biya kuɗin mai aure. Da ya miƙe sai a mayar da ƙasa, a danna da ƙafa, a zuba ruwa sosai ya cike ƙofofin da suka rage. Ƙasar kada ta wuce inda ta ke a dā, akwai shaida a jikin ɓawon. Mutane suna son su tula ƙasa a gindi kamar kunyar dankali wai don ya ƙara ƙarfi, wannan kuwa ruɓar da ɓawo ya ke yi, ya kuma jawo gara. Takin zamani da ɗanyen kashin dabbobi a dakata da su sai sabon ganye ya fito.

Yanzu ga zancen turke, a nan ne mu ke so mu daɗe, gama a nan aka fi yin ɓarna.

Shekarun baya muna da wani mangwaro mai aure a garkarmu, iska ta karkatar da shi yana shekara biyu. Muka samo guntun bututun ƙarfe muka kafa dab da jikinsa, muka ɗaure da waya har wuri uku, ya miƙe sak kamar soja. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Muka manta da shi. Damina biyu ta wuce, wata rana muka duba sai ga waya ta nutse cikin ɓawo ba a ko ganinta, sama da ita ya kumbura, ƙasa da ita ya tsuke. Muka yanke abin da ya yanku, muka zare bututun. Hadarin farko da ya zo ya karya shi daidai wurin wayar, da hudarsa ta fari a kai.

Kuskure biyu muka yi. Na fari, abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa. Itace yana ƙara kauri kowace shekara, waya kuwa ba ta ƙaruwa, sai ta shaƙe hanyar nan, saiwa ta zauna da yunwa. Igiyar roba siririya, wadda a ke ɗinkin buhu da ita, ita ma haka ta ke yi. Na biyu, mun hana shi motsi. Kaɗawar da iska ke yi wa itace ita ce ke sa gindinsa ya yi kauri, saiwarsa ta bazu. Wanda aka ɗaure ƙam sai ya yi ta tsawo ba ƙwari, kamar yaron da ba a sauke shi daga goyo. Aikin turke shi ne ya riƙe gindi har saiwa ta sāke kamawa, saman kuwa a bar shi ya yi rawarsa.

Ga yadda mu ke yi yanzu. Turken busasshen reshen darbejiya ne mai kauri, gama gara ba ta cika son ta ba, mu kan kuma ɗan babbake tsinin da zai shiga ƙasa. Kara ba ya aikin nan. Ɗanyen dashi ko zogale ko bini-da-zugu kuma tsirowa za su yi su riƙa raba ruwa da mai gida. Ana kafa shi a gefen gabas, nesa da gindi kamar ƙafa 2, don kada a soke saiwar da a ke so a ceta. A jigawa sai ya nutse ƙafa 2 shi ma, kansa ya ɗan kwanta wajen gabas, in ba haka ba itacen ne zai jawo turken. In itacen ya ɗan girma, turke uku a ke kafawa kewaye da shi kamar duwatsun murhu, biyu ta wajen gabas, ɗaya ta yamma.

Abin ɗauri kuwa, ba mu ga wanda ya fi tsohuwar robar cikin tayar keke ko babur ba. Kowane mai faci yana da ita a yashe. A yanka ta da faɗin yatsa uku. In babu, tsumma mai faɗi ya yi. A zagayo da ita jikin itacen, a gicciya a tsakani kamar lamba 8, sa'an nan a ɗaure a jikin turke, ƙullin yana can wajen turken. Wurin ɗaurin ba can sama ba ne. Ka bi jikin itacen da hannu daga ƙasa kana hawa, inda ka riƙe ka ga kansa ya tsaya, nan ne, yawanci bai wuce sulusin tsawonsa ba. A bar sarari yadda yatsa biyu za su shiga. In dole sai an yi da igiya, a sa ta cikin guntun tiyo ko a yi mata matashi da roba inda ta taɓa ɓawo.

Kowane wata a duba ɗaurin, a sassauta in ya matse. Bayan damina ɗaya, iyaka shekara guda, a kwance a girgiza a gani. In ƙasa ba ta motsi, aikin turke ya ƙare, a cire shi. In har shekara ta zagayo gindin yana rawa, wataƙila gammon nan ne na leda, irin wannan kuwa da wuya ya taɓa tsayawa da ƙafarsa. A nan ba mu hana a sāke dashe ba.

Akwai abu ɗaya da ke da ciwo, amma sai an yi. Itacen da aka ɗaga, in yana ɗauke da 'ya'ya, a tsinke su, a kuma rage rassan gefen da ya fi nauyi, kada dai a wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Saiwar da ta ragu ba za ta iya ciyar da 'ya'ya ta kuma warkar da kanta a lokaci ɗaya ba. Yara za su yi ƙunƙuni, a ba su haƙuri.

Wanda ya daɗe a karkace, shekara ɗaya ko biyu, saiwarsa ta riga ta zauna a haka. Shi ba a miƙe shi rana ɗaya. A ja kaɗan a ɗaure, bayan mako biyu a ƙara, haka har damina ta fita. In bai miƙe sarai ba, ba kome. Ba azara mu ke nema a jikinsa ba, 'ya'ya mu ke nema, karkataccen mangwaro kuwa zaƙinsa ɗaya da miƙaƙƙe.

Babban itace mai kaurin cinya, kada a ce za a tara samari ko a ɗaura wa shanun huɗa su ja. Ko dai a ƙarasa saiwar, ko a ji wa wani rauni. Abin da a ke yi masa shi ne a tokare shi da gwafa mai ƙarfi ta gefen da ya karkata, a sa dutse ko guntun katako a ƙarƙashin gwafar don kada ta nutse cikin rairayi, a sa roba a bakinta, a rage masa nauyin rassa. Amma in ya rinjayo kan ɗakin kwana, ko katangar maƙwabci, ko wayar lantarki, ga kuma gindi yana ɗagowa, to, a sare shi kafin hadari na gaba. Ran mutum ya fi mangwaro.

Itatuwan ma halinsu ba ɗaya ba ne. Gwaiba mai haƙuri ce, ko ta kwanta ƙasa aka datse ta, za ta yi sabon toho daga kututture, sai a zaɓi miƙaƙƙe ɗaya ko biyu a bari, irin na sassaben zamani. Gwanda cikinta rami ne, saiwarta a sama, in an matsa mata karyewa za ta yi, sai dai a tokare ta da gwafa ta ƙarasa nunar da abin da ta ɗauka, da ma ba mai tsawon rai ba ce. Dabino in ya kwanta jikinsa ba ya miƙuwa, kansa ne zai juyo sama don kansa, a ƙyale shi.

Wanda ke da ƙananan dashe a fili, ya yi musu darni na kara ko zana ta gefen gabas tun cikin bazara. Darni yana tace iska ya rage mata ƙarfi, ga shi yana tare awaki. A cikin bazarar ne kuma ya kamata a sare turaka a ajiye su bushe, a karɓo roba wurin mai faci, domin ranar da hadari ya kwantar da itace ba ranar neman kayan aiki ba ce.

Wanda ya gwada wannan a daminar bana, muna roƙonsa ya rubuto mana, ko ya ba malamin gona na yankinsa saƙo. Ya faɗi irin itacen, da kaurinsa, da kwana nawa ya yi a kwance kafin a ɗaga shi, da ko ya kama ko bai kama ba. Wanda nasa bai kama ba ma muna so mu ji, musamman in ya tona gindin ya ga yadda saiwar ta ke.